Filin Tambaya da Amsa: Shin ƙanƙara tana kashe ƙwayoyin cuta?

Masu karatu, barkanku da war haka. Wasiƙun wannan wata sun zo daga wurare dabam-dabam, amma da na baje su sai na ga biyar daga ciki hanya ɗaya suka bi: sanyi, ƙanƙara, da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ina jin zafin bana ne ya sa kowa ke tunanin ƙanƙara, ga kuma wani saƙon murya da ya zagaya wayoyi yana tsorata mutane da narkewar tekun arewa. Na haɗa su wuri guda. Abin da zan faɗa game da teku, daga binciken waɗanda suka je can ne. Abin da zan faɗa game da randa, bido da firigo kuwa, daga teburin awo ne a nan Damagaram, inda nake wuni a kan madubin duba ƙwayoyin cuta.

Daga wata uwa, unguwar Garin Malam: "Malam, ni mai sayar da ƙanƙara ce da zoɓo da lamurje na leda, musamman da azumi da bazara. In pampo ya ɗauke, wurin ƴan ga-ruwa nake saye, ban kuma san inda suke ɗebowa ba. Ni dai a sanina, abin da ya daskare ya tsarkaka, sanyi ya kashe komai. Ɗana da ke lise ya ce ba haka ba ne, wai har a tekun ƙarshen duniya, inda ruwa ke zama dutse, akwai ƙwayoyi masu rai. Ka raba mana gardama."

Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. A wannan gardama yaron ne da gaskiya, kuma na ji daɗi da ya tsaya a kan abin da aka koya masa. Bari in fara kai ki can inda ya ambata, sannan mu dawo kan ledarki.

Duniya tana da ƙurya biyu masu tsananin sanyi. Ta arewa teku ne, ana kiransa Aktik, Rasha da Kanada da Nowe da jihar Alaska ta Amurka suna cikin waɗanda suka kewaye shi. Ta kudu kuwa tudu ne, nahiyar Antaktika, teku ya zagaye ta. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ya sa ba ya daskarewa a sifili, sai ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili. A watan Satumba, ƙarshen ɗarinsu na kudu, ƙanƙarar da ke rufe teku a kewayen Antaktika takan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 18. Faɗin Nijar duka murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Ki lissafa, ya kai ninki 14.

Ga inda zancen yake, kuma ke kin fi ni sanin sa. Ki tuna yadda yaro ke shan zoɓon leda da ya daskare. Yana huda kusurwa ya tsotsa, zaƙi da ja su fara fitowa, a ƙarshe ya rage da farar ƙanƙara mara ɗanɗano. Dalili shi ne, in ruwa zai daskare, ruwa zalla ne ke zama ƙanƙara, ya ture sukari gefe, sukarin ya taru a ƴan hanyoyi tsakanin ƙanƙarar, yana nan ruwa-ruwa bai daskare ba. Haka teku ke yi da gishirinsa. Ƙanƙarar teku cike take da ƴan ramuka da jijiyoyi na ruwan gishiri, wasu sun fi gashi siranta. Sanyi na ƙaruwa, jijiyoyin na tsukewa, gishirin na ƙara kauri. A digiri 10 ƙasa da sifili ya ninka na teku sau huɗu, a digiri 20 ya kusa ninki shida. To a cikin wannan ruwan, mai sanyin da ke ƙona fata da gishirin da harshe ba ya ɗauka, a nan bakteriya, wato ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya, ke zaune.

Ba zaman jiran mutuwa suke yi ba. Wata malama mai suna Jody Deming ta Jami'ar Washinton da abokan aikinta sun yanko ƙanƙarar tsakiyar ɗari a bakin garin Baro na Alaska, suka duba ta ba tare da sun narkar da ita ba, suka kuma bayyana a 2004 cewa akwai bakteriya masu numfashi a cikinta har a digiri 20 ƙasa da sifili. A wannan yankin ne aka samo wata mai suna Psychromonas ingrahamii, wadda ke rabuwa biyu tana hayayyafa a digiri 12 ƙasa da sifili. Sai dai rabuwa ɗaya takan ɗauke ta kwana 10. Bakteriyar hanjin mutum, E. coli, in ta samu ɗumin jiki da abinci, minti 20 ya ishe ta. Wannan shi ne ainihin abin da sanyi ke yi: yana rage gudu.

Yadda Allah ya shirya su don wannan zama abin tsayawa a duba ne. Fatar da ta lulluɓe kowace ƙwaya da wani irin mai aka yi ta, kuma nasu man ba ya sanƙarewa da sanyi, don haka abinci na shiga, ƙazanta na fita. Suna fitar da yauƙi mai kauri da ke kewaye su, yana kare su daga kaifin ƙanƙara da cizon gishiri, har yana taimakawa wajen hana ramin da suke ciki rufewa. Wasunsu kuma suna yin furotin da ke manne wa ƙanƙara ya hana ta girma inda za ta huda su.

Yanzu mu dawo Garin Malam. Ƙwayoyin taifod da kwalara da masu sa zawo ba ƴan sanyi ba ne, ɗumin cikin mutum suke so. A cikin ƙanƙararki ba za su hayayyafa ba, wasu ma za su mutu wajen daskarewa. Amma da yawa sukan tsira, su kwanta, ranar da ƙanƙarar ta narke a kofin kunu ko a cikin mai azumi su farka. Mu masu aikin awo, in ana so a ajiye ƙwayar cuta shekaru ba ta mutu ba, daskarar da ita ake yi, a manyan ɗakunan gwaji har digiri 80 ƙasa da sifili. Kin kuma sha ganin ƴan rigakafin shan-inna suna bi gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa. Abin da ke cikin kwalbar nan bairas ne, wato ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta, mai rai da aka raunana, kuma ƙanƙarar da ke akwatin ita ke riƙe da ransa. Zafi ne ke kashe shi, shi ya sa aka manna wa kwalbar wata ƴar alama da ke yin duhu in rana ta taɓa ta.

Don haka, Hajiya, tsarkin ƙanƙara daga ruwan da aka zuba a leda yake farawa. Ban ce ki daina saye wurin ƴan ga-ruwa ba, kowa ya san halin ruwa a garin nan, su ma neman halal suke. Amma ruwan da ba ki san asalinsa ba, ki tafasa shi ya yi tafasa sosai ko da na minti ɗaya, ko ki sa masa ƙwayar Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikin takardar, ki jira rabin awa kafin ki ƙulla. Ki wanke bidon da kansa, don sau da yawa ruwan lafiya lau yake zuwa, gansakukar gindin bido ce ke ɓata shi. Mai ƙulla leda ta wanke hannu da sabulu, kada kuma ta hura ledar da baki. In wuta ta ɗauke zoɓo ya narke ya yi ɗumi, kada a mayar da shi firigo a sayar gobe. Na san asara ce, kuma na san ribar ba ta da yawa. Amma nakan ga yaran da ake kawowa da zawo a watan zafi, idanu sun faɗa, kuma ba na so ko ɗaya ya zama daga ledarki ya fito.

Daga wani ɗalibi, ɗan Mirriya, mai karatun ilimin halittu a Jami'ar André Salifou: "Malam, na karanta cewa bairas ya fi bakteriya yawa a ruwan teku, har a wurare masu ƙanƙara. An koya mana bairas ba ya rayuwa sai a jikin wani. To can da babu mutane, jikin wa yake shiga? Kuma mene ne amfaninsa?"

Ɗana, tambayarka ta faranta mini rai, domin ta taɓo wani giɓi a yadda muke koyarwa. Muna gabatar wa yara bairas ta ƙofar asibiti kawai: ƙyanda, shan-inna, shawara, korona. Sai yaro ya tashi yana zaton mutum ne abincin kowane bairas. Alhali mafi yawan bairas ɗin da ke doron ƙasa ba ruwansu da mu. Bakteriya suke kamawa.

An san da su tun da daɗewa. Frederick Twort a Ingila ya ga alamarsu a 1915, Félix d'Hérelle kuma a Cibiyar Pasteur ta Faris ya bayyana su a 1917, ya raɗa musu suna bakteriyofaj, wato mai cin bakteriya. Amma an yi shekaru ana ɗaukan cewa a teku ba su da yawa, saboda ana ƙirga waɗanda suka yarda su yi aiki a farantin renon ƙwayoyi na ɗakin gwaji ne kawai. Sai a 1989 wasu masana na Jami'ar Bagen a Nowe suka ɗebi ruwa suka ƙirga kai tsaye da madubin lantarki, lissafi ya juye gaba ɗaya. A ruwan saman teku, mililita ɗaya takan ɗauki bakteriya wajen miliyan ɗaya, bairas kuwa wajen miliyan goma. Cokalin shayi mililita biyar ne, ka ga bairas ɗin da ke ciki ya zarce yawan mutanen ƙasarmu. Wani masani mai suna Curtis Suttle na Kanada ya ƙiyasta jimillarsu a tekunan duniya da 1 mai sifili 30 a bayansa. A buɗaɗɗen ruwan ƙuryoyin nan biyu adadin yakan yi ƙasa da haka, amma a cikin jijiyoyin ƙanƙara da na faɗa wa Hajiya, inda komai ke matse wuri guda, an samu inda ya ninka na ruwan da ke ƙasa sau goma har fiye. Matsin kuwa yana sa bairas ya yi saurin cin karo da wanda zai kama. An gwada wani da ake kira 9A, mai kama bakteriyar Colwellia ta tekun Aktik, aka ga yana shiga yana hayayyafa a digiri 12 ƙasa da sifili.

Batun amfani kuwa, sai ka fara fahimtar yadda shekara ke tafiya a can. Wata da watanni babu rana, sannan wata da watanni rana ba ta faɗuwa. Da haske ya dawo, ƙananan tsirran ruwa da ke manne a gindin ƙanƙara su tashi, har gindin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Wani ɗan jatan lande mai suna kiril, tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, shi ke kiwo a kansu, shi kuma kifi da tsuntsun fengwin da manyan dabbobin wel suka dogara da shi. Bakteriya suna cin abin da tsirran suka zubar da gawar waɗanda suka mutu. Da za a bar su haka, da sun tattara abincin sun riƙe a jikinsu. Sai bairas ya shiga, ya mayar da ƙwayar masana'antar buga irinsa, ya fasa ta. Abin da ke cikinta, kabon da naitirojin da fosfaras da ƙarfe, ya watse a ruwa, wasu bakteriya da tsirrai su ɗauka. Ƙiyasin Suttle shi ne bairas na kashe kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙananan halittun teku a kowace rana. Ka lura da ƙarfen nan musamman: tekun da ya kewaye Antaktika yana da yalwar sauran taki amma yana ƙarancin ƙarfe, don haka duk abin da ke mayar da shi ruwa yana da daraja. Kuma tunda kowane bairas yana da irin da yake kamawa, duk irin bakteriyar da ta fara rinjaye ita ce ke jawo nata makashin, sai sauran su samu wurin numfashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararsu ta lokacin yunwa. Bairas yana da hanya biyu. Ko ya fasa ƙwayar nan take, ko ya saƙa kansa cikin ƙwayoyin gadonta ya yi shiru, duk lokacin da ta rabu ya rabu tare da ita. Wani bincike da aka buga a 2016, daga ruwan da ke kusa da tashar Palmer ta Amurka a Antaktika, ya nuna cewa a farkon fitowa daga ɗari, lokacin da bakteriya ke cikin ƙunci, yawancin bairas suna ɓoye a ciki. Da abinci ya yalwata bakteriya suka yi ƙiba, sai suka koma fasawa. Da sun fasa tun cikin duhu, da ƴaƴansu sun fito ba su tarar da wanda za su kama ba.

In kana son ka bi sawun wannan ilimi, nemi labarin jirgin ruwan Faransa mai suna Tara. Ya zagaya tekunan duniya daga 2009 zuwa 2013 yana tace ruwa, a shekarar ƙarshe ya kewaya Aktik. Da aka gama tantance samfuran, a 2019 aka bayyana kusan iri 200,000 na bairas, mafi yawansu ba a taɓa sanin su ba. An zaci za a ga iri suna raguwa yayin da ake nufar sanyi, yadda yake ga itatuwa da dabbobi, sai Aktik ya fito cikin wuraren da suka fi tarin iri. Jirgin Jamus Polarstern kuma da gangan aka bar ƙanƙara ta kama shi daga 2019 zuwa 2020, don masana su auna abin da ke faruwa a duhun ɗari, lokacin da a da ba a cika samun mai zuwa ba. Kada ka ce wannan aikin masu teku ne. Bairas mai cin bakteriya yana nan a tafkin Gidimuni, yana cikin rijiyoyin lambunan garinku, kuma da faranti da ɗan kayan tacewa ana iya ganin aikinsa.

Daga wani dattijo mai kiwon kaji da zabi, Magariya: "Malam, jikana ya kunna mini saƙo a waya, mai magana yana cewa ƙanƙarar arewa na narkewa, tsofaffin annoba da aka binne tun zamanin da za su fito su gama da duniya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka kwantar da hankalinka. Mai saƙon ya ɗauki gaskiya kaɗan ya cuɗa ta da tsoro mai yawa, bari in ware maka su.

Narkewar gaskiya ce. Tun 1979 ake auna ƙanƙarar Aktik daga sama da tauraron ɗan adam, tana raguwa, kuma yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Gaskiya ne kuma cewa a 2014 wasu masana na Marsel a Faransa, Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel, sun farfaɗo da wani bairas daga daskararriyar ƙasar Saiberiya mai shekara 30,000. Amma amiba yake kamawa, wata ƴar halitta mai ƙwaya ɗaya, ba mutum ko dabba ba. Wanda ya taɓa mutane shi ne na 2016 a yankin Yamal na Rasha, inda zafi ya yi tsanani, ciwon saifa na dabbobi ya ɓarke, barewar da mutanen yankin suke kiwo fiye da 2,000 suka mutu, yaro ɗaya ya rasu. Masana da dama sun danganta shi da narkewar ƙasar da tsofaffin mushe ke binne a ciki. Ka ga wannan ba baƙuwar cuta ba ce, makiyayanmu sun san ta, akwai kuma rigakafinta. A tudu ne ma ya faru.

Na teku kuwa, Baba, yawancin ƙanƙarar da ke kansa ba ta wuce shekara ɗaya zuwa ƴan shekaru ba, kowace shekara wata na narkewa wata na daskarewa. Ƙwayoyin da ke cikinta sun saba da sanyi har ba sa jure ɗumi. Masu tsananin son sanyin nan ba sa girma in an wuce digiri 20. Jikin mutum digiri 37 ne, na kaza ya haura 40. Inuwar ɗakinka a watan Afrilu kaɗai ta isa ta kashe su.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne akasin abin da mai saƙon ya faɗa: cututtukan da muka sani su ne ke tafiya can. A 2004 mutane suka kamu da zawo a Alaska bayan cin ɗanyar kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, aka gano wata ƴar'uwar ƙwayar kwalara ce, wadda a da sanyin ruwan wurin ke hana ta zama. Murar tsuntsaye ta H5N1 kuma an tabbatar da isarta nahiyar Antaktika a Fabrairun 2024. Wannan suna ba baƙo ba ne a wurinka, domin a Magariya aka fara tabbatar da ita a ƙasar nan a Fabrairun 2006, kuma kai ka fi ni sanin irin asarar da masu kaji suka yi. Cutar da ke tafiya da fiffike da kuma kejin ƴan kasuwa ita ce ta shafe ka. Kazar da ka sayo daga kasuwa ka ware ta kwanaki kafin ka haɗa ta da sauran. In kaji suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, kada a yanka a ci, kada yara su fige, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Daga wani manomi, Tanut: "Mu da ruwan sha ke mana wuya, ina ruwanmu da ƙwarin tekun Turawa?"

Ɗan'uwa, na fahimci zafin da ke cikin maganarka, ban kuma ga laifinka ba. Amma damina daga teku take zuwa. Tun 1986 masana yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin bambancin ɗumi tsakanin tekunan arewa da na kudu. In arewacin Atlantika ya yi sanyi fiye da kudancinsa, hadari ba ya hawowa arewa sosai, kuma garuruwan bakin iyakar noma irin naku su ke fara ji. Farin 1973 da na 1984 suna cikin wannan lissafi. Ba ina cewa bairas ne ke riƙe ruwan sama ba. Abin da nake cewa shi ne, teku yana shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, ruwan sanyi ya fi na ɗumi shanye ta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wannan aiki a tekun kudu ake yin sa. Ko kabon ɗin da tsirran ruwa suka kama zai nutse ƙasa ya daɗe, ko zai komo sama ya ƙara mana zafi, ƙananan halittun nan suna da hannu a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi kusa. A teburin awo muna ƙara ganin ƙwayoyin da maganin kashe bakteriya ba ya ji da su, saboda yadda ake shan kafso daga tire ba tare da awo ba. A birnin Tibilisi na ƙasar Jojiya akwai cibiyar Eliava, tun 1923 take aiki da bairas mai cin bakteriya wajen magani, kuma yanzu likitocin Turai da Amurka sun koma suna gwada hanyar ga marasa lafiyar da magani ya gaza a kansu.

Daga wata amarya, Sabon Gari: "Malam, kifin kwali da nake saye a Kasuwar Dole, wani lokaci ko a firigo na sa shi, kwana biyu ya fara wari. Busasshen kifi da ɗanyen kifin tafki ba sa mini haka da sauri. Ko firigon ne?"

Ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Mai yiwuwa firigonki lafiyarsa lau. Wani ɓangare na kifin kwali, musamman makaro, daga ruwan sanyi na arewacin Atlantika ake kamo shi, kuma bakteriyar da ke fatarsa da hanjinsa ta saba da sanyi tun daga gida. Ɗakin ƙasa na firigo digiri 4 ne ko 5, wanda a wurinta yanayi ne na aiki. Da kifin ya narke sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, ita ce ke fitar da warin nan mai hawa kai. Kifin tafkinmu kuwa bakteriyarsa ƴar ɗumi ce, sanyi na taɓa ta take tsayawa, shi ya sa masana kifi suka daɗe da lura cewa kifin ƙasashe masu zafi ya fi daɗewa a kan ƙanƙara.

Ki kuma tuna doguwar hanyar da ya biyo daga bakin teku zuwa nan, ga ɗaukewar wuta. In kika ga kwalin ya jiƙe ya bushe, ko jini ya daskare a gindin leda, ko naman ya yi laushi yatsa na nutsewa, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ki bar shi. Makaro yana da wata matsala ta daban: in ya jima a ɗumi, bakteriya na tara wani guba mai suna histamin a namansa, wuta kuma ba ta kashe shi, ko an soya ko an dafa. Alamarsa ita ce jim kaɗan bayan ci fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani har da amai. In numfashi ya fara wuya a tafi asibiti nan take. Ki sayi wanda yake da tauri ƙam, da safe kafin rana ta buɗe, ki dafa shi a ranar. Wanda za ki ajiye, ki raba shi kashi-kashi daidai tukunya ɗaya, ki sa a ɗakin sama mai daskararwa, ki riƙa ciro na ranar kawai.